Tabarmar da ke cikin katin kwamfuta

Wallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Kalgo, wani mai ɗaukar bidiyon biki daga Gwandu, Malam Bello, ya kawo min kwamfutarsa a bayan mashin, ya ce sandarewa take yi tana mutuwa, ga dangin amarya daga Maruda sun hana shi sakat a kan bidiyonsu.

Na ɗauka aikin awa ɗaya ne, ashe kwana huɗu zan yi. Na zare katin girafik, wanda ke fitar da hoto a allo, na busa ƙura, na wanke fankarsa, na canja ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, na goge komai na sake zubawa, duk a banza. Da bidiyon ya zo daidai inda kyamara ta wuce wata tabarma a gindin bishiyar dogon yaro, sai komai ya tsaya cak, maus ma ba ya motsi. Kai, na gaji, har abinci ya fita a raina.

Rana ta huɗu bayan Azahar Malam Bello ya zo, kwamfutar ta sake sandarewa a gabansa, sai na ga ya matso da fuskarsa jikin allon.

"Maigyara, wa na wanga?"

Wani dattijo ne zaune a tabarmar, ya ba mu baya. Na ce ai shi ya kamata ya sani. Ya rantse cewa shi da hannunsa ya shimfiɗa ta ranar bikin, har aka watse ba wanda ya zauna. Muka duba bidiyon a wayarsa, tabarma ce kawai.

Na ce katin ne ya lalace yake haɗa hotuna, don in kwantar da hankalinmu. Na cire shi na sa a tawa kwamfutar, wadda bidiyon bai taɓa shiga ba. Ko minti biyar ba a yi ba ta sandare. Inna lillahi! Ga bishiyar, ga tabarmar, ga dattijon, amma yanzu a tsaye yake, ya fara juyowa.

Ban jira ganin fuskarsa ba, na fizge wayar wuta. Malam Bello ya ɗauki kwamfutarsa ya bar min katin, ya ce na hannu ya saye shi, bai san mai shi na farko ba. Na naɗe shi a leda na jefa a wani kwazazzabo a hanyar gida.

Har yau ban san ko wane ne ba. Ni dai shawarata, in kwamfutarku ta sandare, ku yi bismilla ku kashe. Kada ku tsaya ƙura wa allon ido.