Odile da Salatef ɗinta

Shekara talatin da huɗu ke nan, ƙarfe shida na safe Odile Thibodeau take isa ɗakin gwaje-gwaje na asibitin garinmu na bakin teku. Kafin ta kurɓi kofi sai ta goge madubin awo, na leƙen ƙwayoyin cuta, tas, ta ce masa, "Tsoho, an tashi lafiya?"

Tsohon nan kuwa ya daɗe da rasa gilashin da ke fito da launin gishirin da ke taruwa a gaɓa. An nemi sabo, shiru kake ji. Odile ba ta zauna jira ba. Ta dinga liƙa salatef a fallen gilashi, ɗaya bisa ɗaya, ta leƙa ta ɓare, ta sake liƙawa, har hasken ya yi ja irin na gilashin da aka rasa. Abokan aiki suka sa ta gaba da tsiya: "Saura ki liƙe mana rufin da ke yoyo!"

Ana nan sai aka kawo Fernand masunci, babban yatsan ƙafarsa ya kumbura suntum yana fitar da wani farin abu. Likita ya ce ƙashi ya ruɓe, gobe za a yanke. Fernand ya dubi yatsan. Ina mutum zai iya tsayuwa a jirgi, teku na jijjiga shi, babu babban yatsa?

Odile ta roƙi ɗigo ɗaya na farin abin, ta sa a madubin. Tana leƙawa ta ce, "Likita, zo ka gani da idonka. Ga su nan kamar allurai. In sun kwanta haka, rawaya. In na juya, shuɗi. Gishiri ne, ba ruɓa ba."

Likita ya daɗe a sunkuye. "Da salatef?"

"Da salatef."

Aka fasa yanka, aka koma magani.

Odile, ke ce idon da marasa lafiya ba su taɓa gani ba. Sunanki bai taɓa hawa takardar sallama ba, kuma ko a jikinki. Wallahi za mu yi kewarki.

Ranar Juma'a aka yi mata walimar ajiye aiki. Fernand ya shigo da gasasshen kifi, ya tuɓe takalmi a gaban kowa, ya motsa yatsan. "'Yar'uwa, gai da mutuminki." Odile ta yi dariya har da hawaye.

Mun gode, Odile. Ku da kuka gaji tsohon madubin, ku riƙa neman ɗigo ɗaya kafin a ɗauko wuƙa.