Fitilar Giginya da Baba Ya Ƙera

Ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na ƙwato fitilar Baba daga bakin guduma ba.

Mahaifina maƙerin fari ne a Gobarau, mai aikin tagulla da azurfa. Tun muna yara yake ba mu labarin wata fitilar bango mai siffar giginya da ya ƙera wa wani gidan gwamnati a GRA, unguwar manyan ma'aikata. Mu kuwa da zobe da munduwa muka san shi, ina shi ina GRA? Ni na fi kowa baki. "Baba, ko dai a mafarki aka ƙera ta?" Sai ya ci gaba da aikinsa. Yau in na tuna maganar nan kunya nake ji.

Na girma na zama mai haɗa wayar lantarki. Wata rana aka kira ni aiki wani tsohon gida a GRA. Irin gidajen nan, duk wanda ya tare sai ya sa a yi fenti, masu fenti kuwa ba su ƙyale komai a bango, har makunni shafewa suke. An ciccire tsofaffin kaya an tara a tsakar gida, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa yana ta lotsa su da guduma. Ina wucewa na hango wani farin abu mai ganye a baje kamar mafici. Nan take na tuna fitilar Baba.

"Tsaya! Don Allah kar ka buga!"

"Malam, lahiya? Ƙarhe ne hwa!"

Na sure ta na ruga wurin Hajiyar da za ta tare a gidan, ina haki. Ta yi dariya ta ce, "Ɗauka, ɗana, mi zan yi da tarkace?"

A gida na kankare fenti kala uku, Inna ta bi da tsamiya da toka tana darzawa. Tagulla ta fito jawur! Na ja mata waya, na kafe ta a bangon zaure, na riƙo Baba, don a lokacin ganinsa ya ragu. Bai taɓa ta ba tukuna ya ce, "Leƙa bayan ganyen tsakiya. Da ɗigo ukku?"

"Akwai, Baba! Wallahi akwai!"

Na danna makunni. Haske ya biyo ta ƙananan hujojin ganyen ya watsu a bango, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Baba ya daɗe yana shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo yana murmushi. "To, ɗan nema, mafarkin nawa ya kama wuta?"

Na durƙusa na nemi gafararsa, ina dariya ina hawaye. Daga ranar na koyi cewa in tsoho ya ce ya taɓa yin abu, ba a yi masa dariya. Aikinsa na nan, fenti ne kawai ya rufe shi.