Mai Busa Ƙahon da Ba Ya Cin Yaji

Duk Hausawan unguwar Hadayek el-Maadi da ke Alƙahira sun san Ishaq da abu guda: ɗan mai gasa agashe ne, tsiren Hausawan Sudan, amma ba ya cin yaji. Har tsiya ake yi masa, wai ɗan mahauci na gudun nama. Shi kuwa leɓensa yake tattali, don da shi yake busa ƙahon tagulla, mai naɗi kamar dodon koɗi, a wata babbar ƙungiyar makaɗan okestira ta Alƙahira.

A badujalar 'yan sandan garin Wad Madani na Sudan ya fara busa, aka ga baiwarsa, aka turo shi Masar karatu. Ya daɗe a kujera ta huɗu a jerin masu ƙaho, ya hau ta biyu, sai da furfura ta fara leƙowa ya zama shugaban masu ƙaho. Idan sauran makaɗa suka yi tsit, shi kaɗai ake saurare. Matarsa Mahasin kuwa kullum tukunya biyu take ɗorawa, tata ja wur, tasa salam, tana yi tana mita.

Wata safiya a 2013 ya tashi ɓarin fuskarsa ya saki. Likita ya ce jijiya ce, za ta dawo. Fuskar ta dawo, leɓen ne ya ƙi. Da ya ɗaga sauti sama sai ya hau rawa. Ƙungiyar ta yi masa kara, ta bar mataimakinsa yana riƙe masa kujerar. Ishaq ya shekara biyu yana kulle ɗaki yana busawa, Mahasin na kicin tana jin daidai inda sautin ke tsinkewa, tausayinsa na cin ta. Tukunya biyun ba ta fasa ba, mitar ce ta daina.

Ranar da aka sake gwada shi a gaban shugaban makaɗan, a 2015, sautin ya sake tsinkewa, ya dawo gida. Mahasin ta ajiye masa farantinsa. Ya dube shi, ya dubi nata.

"Mahasin, miƙo min yajin nan."

"Abu Humaira," ta kira shi da alkunyarsa, "leɓenka fa?"

"Khalas, an gama. Miƙo."

Ta miƙa. Ya barbaɗa da yawa, yadda mahaifinsa ke yi wa agashe, ya ci, hawaye na zubo masa.

"Ma'alish, ba komai," in ji shi, "yajin ne."

Ita da ba ta kai loma baki ba, hawayenta ya fi nasa. Washegari tukunya ɗaya ta ɗora.