Godiyar Kakar da Aka Yi Mini Ta'aziyya

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan manta da ranar godiyar kakar da ta cinye mana sujadar Hausa a cocinmu na Agege ba. Ni dilan albasa da tumatir ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, ɗan Katolika daga ƙasar Katsina, kuma a lokacin ina cikin kwamitin 'yan Arewa na cocin.

Mu 'yan tsiraru ne a wurin. Ƙarfe biyu na rana aka ba mu, lokacin da kwanon rufi ke gasa mutum, amma namu ne. Nan ɗan dako yake jin Bishara da harshen da uwarsa ta yi masa faɗa. Da aka kawo sabon Fada, wato limamin cocin, bai ɓoye mana ba: wata ƙungiya tana neman lokacin. Zai zo ranar godiya ya gani da idonsa. In mun cika coci mu riƙe, in ba haka ba mu shiga ta Turanci.

Ana wannan hali sai wani ɗan'uwanmu ya miƙe a taron kwamiti. Ya taɓa shiga makarantar koyon aikin fada aka ce ya dawo gida ya huta, yanzu cajar waya yake sayarwa a bakin titin jirgi. Farfesa muke ce masa, shi kuma bai taɓa gane tsiya ba ce. Ya ce ya san ciwonmu. Wai a da sarakunan Turai durƙusawa suke a gaban Paparoma, ekilisiya ce ke riƙe da makaranta da asibiti, duniya lafiya lau. Sai wani fada a Jamus ya yi tawaye, Faransawa suka sare kan sarkinsu suka ɗora hankalin ɗan Adam a kujerar Allah, injuna suka biyo baya. Ƙarshenta babban taron Roma ya buɗe wa zamani taga, ta nan ganga da guɗa suka faɗo cikin sujada. Maganin, in ji shi, mu nuna wa Fada mu 'yan asali ne: waƙar Latin, ba kiɗa, ba rawa.

Wani abin da ya faɗa gaskiya ne, ni ma a asibitin mishan aka haife ni. Amma na tambaye shi.

"Farfesa, wancan zamanin da kake yi wa kuka, ina kakanka yake?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Yana gindin tsamiya da jan zakara, tare da nawa. Tagar da kake zagi, ta nan Hausa ta shigo."

"Matsalarku ke nan, 'yan kasuwa," ya ce. "Kun ɗauka ekilisiya buhun albasa ce, a zazzage ta yadda mai saye yake so."

Aka yi dariya, kuma ni aka yi wa. Katikis ɗinmu, wato mai koyar da addini a cocin, dattijon kirki mai tsoron a ce bai yi karatu ba, ya ce maganar yaron akwai ilimi a ciki. Saura suka bi. Shugabar zumuntar mata ta tambaya ko har tulunan da suke bugawa an hana. Da aka ce eh, ta gyara ɗankwalinta ta ce ba komai, wani coci a unguwar Ketu ya daɗe yana gayyatarsu.

Al'adarmu ita ce ranar godiya kowa ya shigo da abin sana'arsa yana rawa har gaban bagade, mata na guɗa. Maƙwabcina a kasuwa, wani Alhaji ɗan Sakkwato, duk shekara yakan ba da buhun albasa, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya sha kallo. Ran nan ma ya zo.

Abin da ya tarar shi ne benci a wofi, don mata sun tafi da tulunansu, 'ya'yansu da mazan wasu sun bi su. Farfesa da samari uku suna jan wata waƙa kamar ana cire musu haƙori. Mu kuma muka jero da kwandunan tumatir a ka, muna tafiya a hankali, kai a miƙe, fuska a ɗaure, don an ce murmushi ma zamani ne. Ina zuwa daidai ƙofa Alhaji ya riƙo hannun rigata.

"Oga, ashe rashi aka yi muku ba ka faɗa mini ba? Allah ya ba da haƙuri."

Na ce amin, don ban ga ƙarya a ciki ba.

Fada ya zauna har aka gama. Ya yaba waƙar, ya ce ta tuna masa da makaranta. Sannan ya ce tunda ga shi ba da Hausa muke yi ba, kuma ba mu cika layin benci huɗu ba, bai ga dalilin ware mana lokaci ba. Daga Lahadin da ta biyo baya wasu ke sujada ƙarfe biyu.

'Yan dakonmu da ba sa jin Turanci suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka daina. Farfesa kuwa yana nan. Shi ke karatu a sujadar Turanci, cikin kwat, kusa da jita da ganguna ana kaɗa su iya ƙarfi, ban taɓa jin ya ce musu uffan ba. Ashe zamanin da ke jin Hausa kaɗai yake iya yi wa tsawa.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini mu koma yadda ake a da, ko a coci ko a kasuwa, nakan tambaye shi a lokacin su wa ke ciki, su wa ke waje. In amsar ta bar ni a waje, nakan ce ya yi gaba, zan same shi.