Wanda Ya Danna Hon a Kabinar Kiren

Damin rodi ya faɗo daga hawa na tara, ya sauka daidai inda nake kwance, kuma ban mutu ba. A Riyad ne, shekarun baya, lokacin ina aikin gini a arewacin gari, ina kwana a unguwar Manfuha. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, abin da zan faɗa muku ya faru da ni. Wanda ya so ya yarda, wanda bai so ba ya bari.

Aikina ɗaura kaya a ƙugiyar kiren, injin nan mai dogon wuya da ke ɗaga ƙarfe da siminti zuwa saman gini. Ni ina ƙasa da oba-oba a hannu, mai tuƙa shi yana can sama cikin wani ɗan akwatin gilashi da Larabawa ke ce wa kabina. Injiniyanmu, wani ɗan Filifin, kokfit yake ce masa, wai haka ake kiran mazaunin matuƙin jirgin sama, da na jirgin ruwa, da na motar tsere, duk inda mutum ɗaya zai zauna ya juya abin da ya fi ƙarfinsa. Mai tuƙin namu Baba Isuhu ne, dattijo mutumin Damagaram, kuma da ya ji haka sai ya yi dariya ya ce to shi ne matuƙin jirgin da ba ya zuwa ko'ina.

Baba Isuhu yana da ƙa'ida ɗaya. Ba ya motsa kaya sai ya danna hon sau biyu, sannan ya ce a oba-oba, "Ɗan Maraɗi, ka fita?" In ban ce na fita ba, ko mudir, wato shugaban aikin, zai fasa maƙogwaro da yalla-yalla don a yi sauri, ba zai ɗaga ba. Sau ɗari a yini muna wannan, har jikina ya saba, da na ji hon biyu ƙafafuna sun bar wurin kafin kaina ya yi tunani.

Lokacin zafi an hana aiki a rana daga tsakar rana zuwa kusan la'asar. Ana kashe janareto, Baba Isuhu ya sauko ya sa kwaɗo a ƙofar tsani, kowa ya nufi kwantenar hutu. Ni ba na shiga, warin safa da minshari sun ishe ni. Kwali nake shimfiɗawa a inuwar ginin in kwanta, hular kwano a ƙirji.

Ran nan barci ya fara ɗaukata sai na ji hon, sau biyu, kuma oba-oba da ke gefena ta ce, "Ɗan Maraɗi, ka fita?" Muryar a shaƙe take, kamar mai haki. Ban san sanda na miƙe na ruga ba, ina gudu ina cewa na fita. Ban kai taku goma ba ƙasa ta girgiza. Rodin da aka jibge a bakin hawa na tara ne ya zame, ya nutsar da kwalina cikin ƙasa.

Mutane suka fito a guje, Baba Isuhu a cikinsu, hannunsa duk shinkafa. Ni kuwa na kama shi ina godiya, ina cewa hon ɗinsa ya cece ni. Ya ce shi bai danna komai ba. Babu wanda ya ji hon, kuma oba-obarsa tana can rataye a kabina.

Bakina ne ya jawo masa. Mudir, wani Bamasare mai saurin fushi, ya ce in dai an danna hon to akwai mutum a sama a lokacin da aka hana aiki, kuma Baba Isuhu ne ya bar shi ya hau, don haka yau zai tattara kayansa. Bai yarda dattijon ya je ya duba da kansa ba. Ya karɓi makulli ya jefo mini, ya ce tunda ni na ji, ni zan hau.

Ban taɓa hawa ba. Tsanin ƙarfe ne a miƙe cikin keji, yana ƙona tafin hannu ta cikin safar aiki, kuma duk hawa ɗaya sai na ji abin yana lilo. Na so in koma sau uku. Abin da ya hana ni, fuskar Baba Isuhu.

Da na buɗe kabina ba kowa. Kujera ɗaya, sanduna biyu na tuƙi, oba-oba a rataye. Amma akwatin gilashin da ya kamata ya zama tanda a wannan rana, sanyi ne a cikinsa kamar an buɗe firji, alhali ba wuta. Ba wurin tsayuwa, sai na zauna ina haki. Ƙasan kabinar ma gilashi ne, don mai tuƙi ya ga ƙugiyarsa. Na duba tsakanin ƙafafuna.

Ba taron mutane, ba rodi a ƙasa. Kwali ne a inuwa, da mutum kwance a kai, hular kwano a ƙirji, rigar aiki mai yagaggiyar kafaɗa irin tawa. Na ɗaga ido na ga damin rodi a bakin hawa na tara yana zamewa a hankali. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ya danna hon sau biyu, ya yi ƙara, na fizgo oba-oba, kuma ban san wata magana da zai ji ba sai waccan ta Baba Isuhu. Na faɗe ta. Na ga ya miƙe ya ruga, na ji an ce, "Na fita."

Ina ƙifta ido zafi ya rufe ni. Ga rodi a ƙasa, ga mutane sun ɗaga kai suna kallona.

Da na sauko na ce wa mudir ba kowa, ya ce rana ce ta taɓa mini kai, ya bar maganar. Baba Isuhu ya ja ni gefe, ya ba ni ruwa, ya ce, "Ka duba gilashin ƙasa?" Na ce e. Sai ya ce, "Shi ya sa ba na ɗagawa sai an amsa mini." Na tambaye shi me ya taɓa gani, ya ce in sha ruwana.

Na kai maganar wurin wani ɗalibin ilimi ɗan garinmu, ya ce in yi sadaka in riƙe azkar, sauran sani na Allah ne. Na yi. Amma har yau abu ɗaya yake hana ni zama wuri ɗaya: sau uku na so in sauko daga tsanin nan. Da na sauko fa, wa zai danna?

Shawarata gare ku, kada ku kwanta ƙarƙashin abin da aka jibge a sama, komai daɗin inuwar. In kuka ji an ce ku tashi, ku tashi tukuna, tambayar wa ya yi magana ta biyo baya.

Wata ɗaya na ƙara a wurin na roƙi a sauya mini kafil, wato uban gidan da ke riƙe da takardun aikina. Yanzu ina unguwar Shumaisi, ina gadin wani gida mai hawa ɗaya, kuma ban ƙara barcin rana ba.