Karen da Ya Ciji Inna

A Yammedi, a shekarun da nake koyarwa a firamare, babu mai kare. Karnuka kam akwai su, har sun fi awakin wasu gidajen yawa. Suna kwana a bakin garke, suna raka shanu kiwo, kowanne ya san gidan da ake zuba masa ƙanzo. Amma ka tare magidanci ka ce, "Malam, wancan karenka ne?" sai ya dube ka kamar ka zage shi. "Nawa? A'uzubillahi! Zuwa dai yake yi." Sai kare ya shekara bakwai yana zuwa gidan mutum, ya tsufa a nan, ya mutu a nan, yana baƙo.

Malamin dabbobi da ke zuwa daga Karaye a kan babur shi ya fi kowa shan wahalar wannan hali namu. Wata shekara ya zo da allurar rigakafin haukan kare, ya kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa, aka yi shela duk mai kare ko kyanwa ya kawo. Sharaɗin ɗaya ne, a rubuta sunan mai dabba a kati. Kyanwa ba abin kunya ba ce, tsofaffi suka kawo uku a buhu, biyu suka yakushe shi suka haye katanga. Kare kuwa ko ɗaya. Ya zauna tun hantsi har azahar, karnuka huɗu na kwance a inuwar teburinsa, duk garin babu wanda ya taɓa ganinsu. Ina tsaye kusa da shi ina taya shi takaicin duhun kan mutane, alhali ɗaya daga cikin huɗun a garkenmu yake kwana.

Da kakar shekarar da ta biyo baya kare ya ciji Inna, mahaifiyarmu. Ta taso daga garke da ƙwaryar nono a ka, ya fito daga cikin dawa ba ko haushi, ya cafke ta a ƙwauri. Ina aji aka zo aka faɗa mini. Ban bi ta gida ba, na hau keke sai Karaye, don na san abin da haukan kare ke yi wa mutum. Na taɓa ganin wani makiyayi da ya kamu, ana miƙa masa ruwa yana ihu yana ja da baya.

Da la'asar muka iso tare da malamin dabbobi. Ya sa aka wanke ciwon da sabulu, aka kankare wata baƙar toka da aka shafa a kai, sannan ya tara maza a ƙofar gida ya karanta doka. A ɗaure karen kwana goma, a ba shi ci da sha. In ya cika goman lafiya ƙalau, to ba shi da hauka, Inna ta tsira. In ya ƙi ruwa, ko ya fara dalala, ko ya mutu, a ruga da ita Kano a yi mata allurai, don a can kaɗai ake samunsu. "Kada kowa ya kashe shi," in ji shi. "Wanda ya kashe shi zai zo ofis ya yi bayani."

Yayana, babban ɗan Inna kuma mai riƙe da gidanmu, ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, kare na hannu. Yana can bayan gari an tsare shi, gobe da safe za ka same shi a nan."

Washegari kuwa sai ga jan kare ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Malamin dabbobi ya zagaya shi, ya yaba da haɗin kan jama'a, ya damƙa mini aikin lura tunda ni ne ɗan boko. Na sayi sabon littafi, na ja layi da rula, na rubuta rana ta ɗaya: ya ci, ya sha.

Ban taɓa ganin karen da ya ji daɗin duniya kamar wannan ba. Tuwo da miya safe da yamma, nono a sabuwar ƙwarya. Yaya, wanda in kare ya shafi rigarsa sai ya wanke ta sau bakwai, shi ne ke matsa masa da igiya in rana ta juyo. Masu zuwa duba Inna sukan tsaya a gindin bishiya tukuna. "Malam, yaya fursunan namu?" In ce ya ci, ya sha. Su ce alhamdulillahi, ai jiki ya yi sauƙi ke nan. Har mai unguwa ya zo da kansa ya yi masa kallon tsanaki, ya ce a ƙara masa ruwa. Ni kuwa ina ta kumbura, ina ganin na shigo da ilmi garinmu.

Ran kwana na shida na shiga ɗakin Inna da littafina, in kwantar mata da hankali. Na karanta mata layi shida. Ta saurara tana murza zare, sannan ta ce, "To, madalla. Shi ma Allah ya ba shi lafiya. Nawa dai guntuwar wutsiya gare shi."

Na leƙa ta ƙofa. Karenmu na kwance yana kaɗa wutsiya doguwa kamar bulala.

"Inna, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka kawo shi."

"Kika yi shiru?"

Ta sunkuyar da kai. "Wancan ne ya kawo shi. In fito gaban maza in ce ba haka ba?"

Wancan shi ne Yaya. Ɗan fari ne, kuma Inna mace ce mai alkunya ta gaske. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta ƙaryata shi a bainar jama'a. Ta gwammace ta zauna da dafi a jiki. Fushi ya taso mini.

Na tarar da Yaya a gona yana yankan dawa. Bai ko musa ba. Karen gaskiya tun kafin in kai Karaye samari suka rufe shi da sanduna, aka tsige gashinsa aka ƙona, ita ce tokar da aka shafa wa Inna, aka jefa gawar a rami. Da Yaya ya ji maganar ofis sai ya tafi wata ruga wajen Tudun Kaya ya aro mai kama da shi. Duk gari an sani, ban da ni da malamin dabbobi, don ni a wurinsu rabin hukuma ne.

"Yaya, ka san abin da ka yi?"

"Me na yi? Hukuma ta ce kare ya yi kwana goma. Ta ce wane kare? Ga shi nan yana yi, lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. A ganinsa ɗaurin shi ne maganin, kamar yadda ake cika sharaɗin mai magani, in dai an cika kwanakin shi ke nan. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce masa in Inna ta mutu tana gudun ruwa, ya je ya nuna wa mutane ƙibar karensa. Ya saki lauje ya zauna a kan kunyar gona.

Malamin dabbobi bai kai kowa ofis ba, kansa kawai ya dafe. Ya ce da an kawo masa kan karen a ranar da an aika an gwada, yanzu kuwa ya ruɓe. Da sassafe muka sa Inna a ƙaramar bas zuwa Kano, Yaya a gaba, ni da ita a baya. Mako biyu ana yi mata allura a kewayen cibiya, tsohuwar da ko ungozoma da ƙyar ta ga cikinta. Ba ta ce wayyo ba ko sau ɗaya. Da muka gama, likita ya ce an makara da kwana shida, ba zai yi mana alkawari ba, mu sa ido a kanta wata uku, musamman wajen shan ruwa.

Mun dawo muka tarar da jan kare na nan. Yaya ya mayar da shi ruga, mai shi ya ce, "Nawa? Zuwa dai yake yi." Haka ya biyo shi gida. Aka yi masa rigakafi, aka nemi sunan da za a sa a kati, kowa ya kalli sama. Na ba da nawa. Ni ne mutum na farko a Yammedi da ya mallaki kare a rubuce.

Wata ukun nan ban yi barcin kirki ba. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in ɗebo ruwa a moɗa in kai wa Inna, in tsaya ina 'yan kame-kame, idona a maƙogwaronta. Yaya ba shi da damar shiga, sai ya tsaya bayan zana wai yana gyaran igiya, yana jira in fito in gyaɗa masa kai. Ina tsammanin ba ta lura ba. Wata safiya ta karɓi moɗar, ta shanye tas, ta kife ta a ƙasa, ta ɗaga murya yadda za a ji har bayan zana.

"Ɗauko littafin naka ka rubuta: ta ci, ta sha. Ka kuma gaya wa wancan ya tafi gona, rana ta yi."

Na fito ina dariya, na tarar da Yaya ya juya baya yana share ido da hannun riga.