Hawainiya a zauren mai ɗori

Yaya, zauna ki ji abin kunyar da Auta ya ja mini yau!

Kin san 'yar hawainiyar nan da ya aje cikin kwando tun dawowarsa daga makarantar malamai. To, ƙafafunta sun lanƙwashe, ta kasa riƙe reshe, ko fara ba ta iya kamawa. Malamin dabbobi ya ce ƙashinta ne ya yi laushi, a riƙa shanya ta a hantsi. Bai ishe shi ba! Ya ɗaure kwando bayan keke, wai sai Diggi, wurin Malam Buba mai ɗori. Uban yarinyar da muke nema masa fa!

Na ce, "Kai, cewa za su yi asiri ka kai musu!"

Ya ce, "Inna, ciwo take ji."

Na yafa gyale na bi motar Kalgo zuwa Diggi, ko na ceci auren. Na tarar da zaure cike. Mai karayar hannu na jira, dattijo kuwa ya ɗora hawainiya a tafinsa yana lallatsa ta!

Ya ce, "Babu karaya, ɗana. Ka daka ɓawon ƙwai ka barbaɗa wa farar da za ta ci."

Na shiga ba da haƙuri. Ya ce, "Hajiya, wanda ya tako keke saboda hawainiya ba zai bar ɗiyata da ciwo ba. Ku turo magabata."

Ashe su biyu ne, Yaya! Yanzu ga ni ina dakan ɓawon ƙwai.